Hanya Mai Sauƙi Amana Ce

Jama'a, akwai wani dutse a ƙasar Turai wanda muke so mu ja hankalinku gare shi, domin a ganinmu akwai darasi a cikin labarinsa ga duk wanda ke shirin zama malamin makaranta. Sunansa Shimarna Gora, watau Dutsen Maryama, yana ƙasar Sulobeniya, kamar mil 6 arewa da babban birninta Lubliyana, kogin Saba kuwa na gudana a gindinsa. Tsayinsa daga teku mita 669 ne, watau ƙafa 2,195. Yana da kai biyu kamar tozon raƙumin Asiya, ɗaya kan ana ce da shi Girmada, ya ɗara ɗan'uwansa da mita 7. Wanda ya taso daga ƙauyen Tasen da ke gindin dutsen ba ya cika sa'a guda bai kai bisa ba, ko da tafiyar sannu yake yi. Hanyoyin hawansa sun fi goma, saboda haka ran hutu sai ka ga tsofaffi da sandunansu, da mata goye da 'ya'ya, da 'yan makaranta, duk suna hawa.

Abin da ya fara jawo mutane can ibada ce. Tun ɗaruruwan shekaru Kirista na ƙasar ke zuwa ziyara bisa dutsen. Majami'ar da ke tsaye yanzu an gina ta a 1711 zuwa 1712, maginin kuwa Gregor Macek ne, sa'an nan a shekarun 1840 wani gwanin zane, Matewuz Langus, ya ƙawata cikinta. Tun a ƙarni na 15 aka kewaye wurin da ganuwa, domin talakawa su sami mafaka in mayaƙan Daular Usmaniyya sun kawo hari. Sunan Girmada ma'anarsa tulin itace, gama a kansa ake hura wuta a sanar da ƙauyuka cewa mahara na tafe. Har wa yau ƙararrawar tsakar rana ta wannan majami'a da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ake buga ta, ba sha biyu ba. Mutanen wurin suna ba da labari wai mahara sun yi alkawari in rana ta yi tsaka ba su ci dutsen ba za su juya, sai aka buga ƙararrawa kafin lokaci, suka zaci wa'adi ya cika, suka koma. Labarin kaka da kakanni ne, amma al'adar tana nan.

Abu na biyu shi ne tsire-tsire. A ƙasashen arewa rana ta kudu take karkata, don haka gefen kudu na dutsen ya fi zafi da bushewa, itatuwansa gajeru ne masu jure ƙishirwa. Gefen arewa kuwa inuwa ce da danshi, can dogayen itatuwa suka yi kurmi. Watau mutum ɗaya cikin sa'a ɗaya zai ratsa daji iri biyu. Da sanyin hunturu ya fara sassautawa, tun itatuwa ba su yi ganye ba, sai ƙasa ta rufe da furanni. Akwai wanda suke kira telo, fari mai faɗi, wanda kan ɓullo tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Akwai wani ɗan ƙarami mai sunkuyar da kai, wanda sunansa da harshensu ke nufin 'yar ƙararrawa.

To, ga inda maganarmu ta dosa. Sauƙin hanyar nan alheri ne babba, gama shi ya sa gajiyayye da ƙaƙƙarfa suka yi tarayya cikin wuri ɗaya. Amma fa sauƙin nan shi ne kuma hatsarin wurin. Dutse mai wuyar hawa wuyarsa ke tsaronsa, mai sauƙi kuwa ba shi da mai tsaro sai ladabin masu hawansa.

Ku duba yadda ɓarnar ke aukuwa. 'Yar ƙararrawar nan tana da kai a ƙarƙashin ƙasa kamar albasa. 'Yan makonni kaɗan gare ta na shan hasken rana kafin itatuwa su rufe sama, cikinsu ne ganyenta ke tara abincin da zai ishe ta har baɗi. In aka tattake ganyen, ko ba a taɓa furen ba, baɗi sai ta fito a raunane, ko ta ƙi fitowa. Haka kuma mai gaggawa da ya ga hanya ta yi gwiwa, ya yanke ta miƙe, sawunsa ɗaya ba kome ba ne. Amma na bayansa zai bi sawun, na bayan wancan ma haka, har ƙasa ta daddale, saiwoyi su fito fili. Ruwan sama kuwa miƙaƙƙiyar hanya yake so, sai ya bi ta nan ya kwashe ƙasa, gajeriyar hanya ta zama kwazazzabo. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Kada wani ya ce zato muke yi, ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana. Yamma da Lubliyana akwai wani gari, Polhob Giradis, da wani dutse a bisansa. A 1837 aka kawo wa mai garin, wani basarake Rihad Bilagai, reshen wani ɗan tsiro mai rarrafe, mai farin fure da ƙanshi, wanda masana ba su san shi ba. Ya aika da shi ga Henrik Fireya, mai kula da gidan adana kayan tarihi na Lubliyana, shi kuwa ya raɗa masa sunan basaraken. Labari ya bazu, har a 1838 Sarkin Saksoni, Firedirik Ogusta na Biyu, ya taso takanas don ya gan shi a inda yake tsirowa, aka kafa dutsen tunawa da zuwansa, mutane suka riƙa ce da tsiron furen sarki. Daga nan kowa sai ya so nasa, masu tsinka na tsinka, masu tumɓukewa na tumɓukewa. Sai da hukumar lardin ta kafa doka a 1898 ta hana cire shi. Ku lura, ba maƙiyan furen suka kusa ƙarar da shi ba, masoyansa ne.

Wani zai ce, in haka ne a rufe hanyoyin mana, a bar wa masana. Mu ba mu yarda ba. Wurin ziyara ne tun kafin a haifi kakannin masanan, ba shi yiwuwa a hana tsohuwa zuwa inda uwarta ta kai ta tana yarinya. Ban da haka, wanda bai taɓa ganin abu ba, ba ya jin zafin ɓatansa. Jama'ar da aka kore daga daji ba za su tsaya masa ba ran da wani ya zo da gatari.

Wani kuma zai ce, ai doka ta isa. Doka tana da amfani, mun ga aikinta ga furen sarki. Amma wace hukuma ke da dogarawan da za ta tsayar a kowace gwiwar hanya? Abin da ke riƙe hannun mutum inda ba mai ganinsa, tarbiyya ce da sani. Yaron da ke ganin kome ciyawa ne zai taka ya wuce. Wanda aka gaya masa sunan tsiro, da watan da yake fure, da yadda yake tara abincinsa, zai ɗaga ƙafa ya kauce, kamar yadda mutum ba ya bangaje wanda ya sani.

Ladabin nan kuma bai ƙare ga tsire-tsire ba. Da yawa cikin masu hawa Shimarna Gora yanzu motsa jiki ke kai su, har tseren gudu ake yi can tun 1979. Ba laifi. Amma wanda ya iso ƙofar majami'a ya tarar da mutane na ibadarsu, ko addininsu ɗaya ko dabam, wajibi ne ya rage murya, ya tuna shi baƙo ne. Masu ziyaran nan su suka fara buɗe hanyar da yake morewa.

'Yan'uwa, yawancinmu ba za mu taka Sulobeniya ba, amma kowannenmu za a danƙa masa aji, kuma da wuya a rasa wani tudu ko dutse kusa da makarantar da za a tura shi. Shawararmu ita ce, kowane malami ya fitar da yaransa can ko sau ɗaya a zango. Kafin ya fita ya zauna da tsofaffi da makiyaya da masu magani, ya koyi sunayen itatuwa da ciyayin wurin, ya rubuta su. A hanya ya koya wa yara abu uku: a bi turbar da aka tarar, a duba da ido a bar abu inda yake, a girmama wurin da wasu ke girmamawa. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu bar wa na bayanmu abin da muka tarar, amin.