Ɗan koyon da bai san ranar yaye shi ba

A Gaya, in yaro ya bar gareji ko shagon ɗinki bayan wata shida, magana ɗaya ake yi: ƴaƴan zamani ba su da haƙuri. Ni ban yarda ba. Yaron lissafi ya yi.

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Malanbil a 2023, mutane da kaya suka koma ƙetare kogi da kwale-kwale. Ɗan dako a bakin ruwa, ko ɗan kabu-kabu a hanyar Kamba, da yamma yana komawa gida da kuɗi a aljihu. Shi kuwa ɗan koyo ya wuni yana shara, yana sayo wa maigida shayi, ba kuɗin abincin rana. Abin da ya fi ciwo, ba wanda ya gaya masa ranar da za a yaye shi. Ɗan kwaleji ya san shekara huɗu ce tsakaninsa da BEPC. Ɗan koyo sai ran da maigida ya ga dama. Ga shi kuma galibi sai ya faɗi jarrabawa ake kai shi, kamar horo.

Kuɗin bakin ruwa ba mai ɗorewa ba ne. Ran da aka buɗe gada, manyan motoci za su dawo, kuma makanikai da masu walda za a nema. Amma ba a faɗa wa mai jin yunwa wannan ya saurara.

Shi ya sa nake ganin ranar da uba ya kai ɗansa, kada a tsaya ga goro da fatiha. A rubuta takarda gaban mai unguwa: shekara nawa, me zai iya a ƙarshen kowace shekara, nawa ne kuɗin abincinsa, wa zai saya masa kayan aiki in ya gama. Uban kuma ya riƙa leƙawa shagon, ko sau ɗaya a wata. Maigidan da ya san ana zuwa ba ya mayar da yaro ɗan aike. Asusun FAFPA da cibiyoyin CFM suna iya sa irin wannan takarda ta zama sharaɗi kafin su yi aiki da kowane maigida.

Ga ƴan mata masu koyon ɗinki, a ƙara layi guda: in aure ya zo, a sanar da dangin miji cewa za ta ƙarasa.