Na'ura Ba Ta Maye Gurbin Hattara

A dazuzzukan Alaska ta Amurka, inda wayar salula ba ta kamawa, mafarauta kan rataya 'yar na'ura irin su Garmin inReach. Idan hatsari ya auku, danna maɓalli ɗaya zai tura saƙo ta taurarin ɗan'adam 66 na Iridium, masu shawagi kimanin kilomita 780 a sama, ya shaida wa masu ceto inda mutum yake.

Amfaninta a fili yake, amma kuskure ne a dogara gare ta kaɗai. Sanyi kan cinye batir, kwazazzabo kan tare saƙo, hazo kuma kan hana jirgin ceto tashi. Don haka wajibi ne mafarauci ya sanar da iyalinsa hanyarsa da ranar dawowarsa, ya riƙi taswira, guzuri da kayan sanyi. Rigakafi ya fi magani.