Daga Bakin Murhu: Takalmin Aro

Na san a fitowar da ta wuce na yi alkawarin za mu ƙarasa zancen lefe, to ku yi mini afuwa, wani abu ne ya taso a cikin danginmu ya hana ni barci, kun kuwa san halina, abin da ya tsaya mini a rai sai na kawo shi nan.

Akwai ɗan yayana da ke Bunguɗu, yaro ɗan shekara 23, Allah ya jarabce shi da waƙar nan ta hip-hop wadda 'yan jarida ke kira gambarar zamani. Uban ya yi faɗa har ya gaji ya sa masa ido. Kwanan baya ya shigo Gusau ya buga wata waƙa a sutudiyo, Allah ya ba ta farin jini, duk gidan bikin da ka shiga ita ake sawa. Ni dai ban taɓa tsayawa na saurare ta ba sai ranar kamun wata 'yar ƙawata a Tudun Wada, ina zaune kusa da lasifika ina tsinke zogale, sai na ji amshin yana cewa takalmin aro shi ya san hanyar gidan mai shi. Wallahi sai da na saki tiren da ke hannuna. 'Yammata suna ta juyi suna guɗa, ni kuwa tuni na koma shekarar 1991.

A shekarar aka yi bikina, Gusau tana cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka yanke mana Zamfara. Wanda ya riƙe mana tukwane kwana uku wani ɗan daudu ne mai rumfar tuwo a tasha. Ba zan kama sunansa ba, dalili yana tafe, mu dai kira shi Mai Tuwo. A ranar wuni wata daga dangin ango ta shigo tana yatsina, da sarƙar gwal da kowa ya san ta maƙwabciyarta ce, ta ɗanɗana miya ta ce salam take. Bai ko ɗago kai ba, yana ta kwasar tuwo da mara, ya ce, "Ayya Hajiya, miyar ce ta ga baƙon harshe ta ɓoye gishirinta." Da ta juya za ta fita a fusace sai ya raka ta da zancen takalmin aron nan. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi dariya har da hawaye, kuma har ta koma ga Allah tana maimaita maganar.

Washegari na sa aka kira mini yaron. Na ce, "Kai, zo nan, ina ka samo amshin waƙarka?" Ya ce, "Gwaggo, basira ce." Na ce, "Basirar wa?" Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya faɗi gaskiya. Ashe lokacin da yake sakandare a Tsafe wajen kakarsa ta uwa, a rumfar Mai Tuwo yake cin abinci, rabi da kuɗi rabi bashi, ya zauna can gefe da littafin rubutu yana kwashe duk habaicin da tsohon ke jifan direbobi da shi. Ya ce littafi biyu ya cika. Na ce to ka je ka gaishe shi tun da waƙa ta fito? Ya ce a'a. Ka aika masa ko sisi? A'a. Sai ya ce, "Gwaggo, ki gane, waƙarmu ta maza ce. In abokaina suka ji a bakin ɗan daudu na koyi magana, na gama yawo a garin nan."

Yaran yanzu ba su san abin da muka sani ba. Kafin Oktoban 1999 da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a nan Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, da wuya a yi babban biki ba ɗan daudu a bakin murhu. Su ne masu tuwon tasha, su ne masu suyar kaji, su ake aika kasuwa sayen kayan gara don ba a cutarsu a ciniki, in kuma an kafa ƙwarya ana kiɗan amada irin na marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, za ka gan su a gefen fili suna taya mata rausaya. Masana sun ce sunan ma daga bori ya fito, wai Daudu wani suna ne na Ɗan Galadima, iskan nan mai son ado da kyauta. Da aka rufe gidajen mata masu zaman kansu aka hana wasu wasanni, da yawansu suka watse, wasu suka yi Kano, wasu Abuja, wasu suka tsallaka Nijar. Mai Tuwo bai yi nisa ba, ya tattara tukwanensa ya koma Tsafe, ya daina ɗaura zani a kan wando, ya rage rangwaɗa, amma harshen nan bai rage masa kaifi ba.

Har wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zo Kano a shekarun 1990 ya zauna da su yana nazarin maganarsu, ya fitar da littafi a 2009 mai suna Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Babban abin da ya ɗauke masa hankali shi ne gwanintarsu ta karin magana da habaici. Mu kuwa da muke tare da su, abin da muka iya shi ne dariya. Marigayi Rabilu Musa ya yi fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, muka sayi kaset muka yi ta ƙyaƙyatawa, mata da yawa a nan suka ƙara koyon tafa hannu da murguɗa baki da "ahayye", ba wadda ta tsaya ta tambayi inda masu abin suka kwana.

Ni ba malama ba ce, hukuncin namiji ya kwaikwayi mace yana wurin malamai kuma sun faɗa, ban zo in ƙara ko in rage ba. Abin da ke bayan ƙofar Mai Tuwo kuma ban taɓa gani ba, ban taɓa tambaya ba. Abin da idona ya gani shi ne tuwo, da salla a kan lokaci, da almajirai a layi ana zuba masu ƙanzo da miya. Haƙƙi kuwa ban ji malamin da ya ce yana faɗuwa don mai shi yana karairaya ba.

Yaron ya so ya kare kansa da cewa ai ko a Amurka inda waƙar ta fito haka abin yake. Na ce madalla, ka zo gidan. 'Yata da ta yi jami'a ta sha karanta mini labaransu, kuma abin da na fahimta shi ne ciwon nan namu su ma sun yi shi. A unguwar Harlem ta birnin Niyok akwai baƙaƙen fata masu neman jinsinsu, da yawa iyayensu sun kore su, suka riƙa haɗuwa gida-gida ƙarƙashin wani babba da suke kira uwa, suna gasar ado da rawa da gugar zana. Habaicin nasu ma suna da sunansa, kalmar da ke nufin inuwa, wato ka zagi mutum ba tare da ka zage shi ba. Ashe ba miyar da ta ɓoye gishirinta ke nan ba? A 1990 aka yi fim a kansu mai suna Paris Is Burning, a shekarar kuma mawaƙiya Madonna ta ɗauki salon rawarsu ta yi waƙar Vogue ta kwashi dukiya, alhali da yawa daga waɗanda suka ƙirƙiro abin sun mutu cikin talauci da cutar ƙanjamau. Yau kalmominsu sun cika bakin mawaƙa, har da masu zaginsu a waƙa.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Bayard Rustin. Kowa ya san Martin Luther King da jawabinsa na ranar 28 ga Agusta 1963 a Washinton, gaban mutum kusan 250,000. To wa ya shirya taron? Wa ya lissafa motoci da jiragen ƙasa, da ruwan sha, da abinci, har da wurin kewayawa, cikin kamar wata biyu? Rustin ne. Amma saboda an taɓa kama shi a Kalifoniya a 1953 a kan neman namiji, wasu shugabannin baƙar fata suka ƙi a ba shi shugabancin taron, sai aka sa dattijo Philip Randolph a gaba, shi ya zama mataimaki. Mutumin da har Nijeriya ya zo a 1952 ya gana da Azikiwe. Ya rasu a 1987, sai a 2013 Shugaba Obama ya ba shi lambar girma mafi daraja ta farar hula, yana kabari. Da 'yata ta kai nan sai na ce mata ai wannan mai tuwon biki ne, ana ɗaukar hoto a tsakar gida shi yana can baya cikin hayaƙi.

A cikin hip-hop ɗin kansa an daɗe kafin wani ya iya buɗe baki. Frank Ocean ya yi shekaru yana rubuta wa manya irin su Beyoncé waƙa, sai a 2012 ya rubuta wasiƙa ya ce wanda ya fara so a rayuwarsa namiji ne. Lil Nas X kuma ya bayyana nasa a 2019, daidai lokacin da waƙarsa Old Town Road take kan gaba a Amurka, inda ta yi mako 19 ba a ture ta ba. Na ce wa yaron ni ba cewa na yi ka bi hanyarsu ba, ƙasarsu daban tamu daban, cewa na yi ka daina faɗin wai waƙarku ba hannun kowa a ciki sai na ƙarti.

Ranar Asabar na sa shi gaba muka shiga mota. Kun san yadda hanyar Tsafe ta zama a 'yan shekarun nan, ba mai bin ta sai da addu'a, muna wuce dutsen Kwatarkwashi kowa ya yi tsit a motar. Ni kuwa ina ta shirya abin da zan sa yaron ya yi: ya roƙi gafara, ya ba da kaso, sannan ya fito a rediyo ya faɗi sunan mai maganar kowa ya ji. Har ina jin kaina wata jaruma.

Mun same shi a wani ɗaki a bayan kasuwa, rumfar ta koma hannun wani yaronsa. Ciwon suga ya cinye shi, ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma, ido ya yi hazo. Na gaishe shi na ce, "Baba, ka gane ni?" Ya ce, "Amaryar da anka ce miyarta ba gishiri? Ina angon, ko ya ƙara da wata?" Na ce ya ƙara har biyu. Ya tafa hannu ya ce, "Ahayye, na hwaɗi!" Yaron kuwa ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Tsohon ya karkata kai ya ce, "Wane na ji yana numfashi kamar ɓarawon akuya? Shigo ɗana, ai na san takalmin zai kawo ka."

Ashe ya ji waƙar tuni a rediyon mai shayi. Ya ce ranar da ya fara jin ta sai da ya sa aka ƙara murya, ya ce wa mutanen wurin yaron nan ya iya, bai ƙara komai a kai ba. Yaron ya fashe da kuka, ya ciro ambulan ya ajiye a gefen tabarma. Tsohon bai yi fulako ba, ya laluba ya ƙirga da yatsa, ya ce na allura ne da gwaji, Allah ya yi albarka. Sai ni uwar iya na kawo zancen rediyo da faɗin suna.

Nan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Hajiya, ke da hankalinki? Ɗiyata tana aure Bunguɗu, da ɗiya huɗu. Dangin mijinta sun san ubanta mai sai da abinci ne, shi ke nan. Jikata ta hwari an kawo kuɗin gaisuwarta. Kina so a wayi gari ana nuna ta a makarantar Islamiyya? Kak ku sa sunana ko'ina." Wallahi kunya ta rufe ni. Ina ta kawo misalin Amurka, na manta a nan akwai dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14, ga ta Shari'a a jiha, ga kuma wadda ta fi su saurin hukunci, wato bakin mutane, wanda ba ya tsayawa ya bambance mai daudu da mai wani abu. Ni zan koma gida in rufe ƙofata, shi da jikarsa ne za su kwana da abin da na tayar.

Ya juya wajen yaron ya ce littattafan nan biyu ya riƙe su, halak malak, har ma akwai saura in yana so ya zo da biro. Amma ya gyara masa wuri ɗaya, wai a baiti na biyu ya gaggauta, habaici ba a korarsa da gudu, ana ajiye shi ne a tashi a bar mai shi da shi. Ya sa shi ya maimaita sau uku har ya gamsu.

Da muka miƙe za mu tafi sai ya riƙe hannun yaron ya ce abu guda yake roƙo. Ya ce ya ga yadda aka yi jana'izar abokan sana'arsa biyu, ɗaya mutum shida ne a sahu, ɗaya sai da aka biya 'yan dako suka ɗauki makara. "In ka ji na tahi, ka zo da rana tsaka, ka kama ƙafa guda ta makarata, kowa na gani." Yaron ya ce, "In Allah ya yarda, Baba." Ya ce, "Allah ya daɗe da yarda, kai nika tambaya."

A mota muna dawowa yaron bai ce uffan ba har muka shigo Gusau. Jiya uwarsa ta bugo mini waya tana mita, wai Asabar biyu ke nan a jere yana tafiya Tsafe ga hanya ba kyau, ko na san abin da yake zuwa yi? Na ce mata karatu yake ɗauka, ta riƙa haɗa shi da 'yar kubewa busasshiya da daddawa in zai tafi.