GADON ASIBITI BA YA ISAR KOWA

Ya 'yan'uwa na rassan Buza, Madawa da Keita, ku saurara.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin yara na asibitin Madawa a watan Satumba ya san abin da za mu faɗa. Uwaye a kan tabarma har bakin ƙofa, yaro biyu a gado ɗaya, ma'aikata ba barci. Ana shiga rani ɗakin ya yi sauƙi. Shekara ta kewayo a sake. Mu a ganinmu wannan ba ƙaddara ba ce, abu ne mai lokaci, kuma abin da aka san ranar zuwansa ana iya tare shi a hanya.

Dalilin a fili yake. Damina ita ke kawo sauro, ita ce kuma lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Yaron da tamowa ta riga ta kama, in masassara ta same shi sai ta cinye masa jini. Uwarsa tana gona. A ce a bari a gani zuwa gobe. Gobe ƙorama ta kawo, ta yanke hanya, amalanke ba ya ƙetarewa. Kafin a fito da shi daga duwatsun Allakaye ko Garhanga, tafin hannunsa ya yi fari fat. A nan fa ba sauran zancen ƙwaya, sai ƙarin jini.

Ba mu ce ba a yi kome ba. Tun 1950 asibitin mishan na Galmi yake karɓar mutanenmu. Daga 2001 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2006 gwamnati ta ce yaro ƙasa da shekara 5 a duba shi kyauta, mai ciki ta yi awo kyauta. Doka ce mai kyau, mun yaba. Amma shekara da shekaru kuɗin da ya kamata baitulmali ya mayar wa likitoci ya yi ta makara, kantar magani ta bushe, aka koma miƙa wa talaka takarda ya je ya saya. Kyautar da ba a biya kuɗinta ba, ai talaka ne ke biya daga baya. Wannan za mu ci gaba da faɗa da babbar murya.

To amma akwai abin da ke hannunmu, shi ne muka fi so ku riƙe.

A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da maganin rigakafin masassara na damina, a 2013 aka soma raba shi a Nijar, Madawa da Buza suna cikin na farko. Ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata, tun daga Yuli. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna yana hana wajen kashi 3 cikin 4 na kamuwa. Sai dai kowane zagaye na kwana 3 ne. Ranar farko mai rabo ke ba yaro da hannunsa. Ƙwayar rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari, a nan ne aikin ke lalacewa. Yaro ya tofar, uwa ta ji tausayi. Wata ta ɓoye sai ranar da ya kwanta, alhali ba na warkarwa ba ne. Wata ta raba wa ɗan kishiya don a zauna lafiya. Mai gida kuwa yana majalisa, bai ma san an zo rabo ba.

Da ku muke, maza. Mutumin da ya san adadin buhun albasarsa bai kamata ya jahilci ranar maganin ɗansa ba.

Saboda haka kowane reshe ya naɗa mata biyu a unguwa, su bi gida-gida rana ta biyu da ta uku, su ga an haɗiye. Su duba ko an ɗaura sange, don mun ga inda aka mayar da shi shingen lambu. Ranar kasuwa a roƙi maigari ya sa sanƙira ya yi shela: yaron da ya ƙi nono, ko yake amayar da kome, ko yake jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya farkawa, a kai shi likita a ranar, kada a kwana.

Sai maganar jini. Ba a shuka shi, daga jikin mutum yake fitowa. Ƙato lafiyayye da ya ba da leda ɗaya, jikinsa zai mayar, ba ya hana shi noma. Abin kunya ne uwa ta tsaya a ƙofar asibiti tana roƙon baƙi alhali garinsu cike yake da samari. Sakataren kowane reshe ya rubuta sunayen masu yarda su bayar, da na masu babur da za a iya tasa da dare, ya aiko mana da takardar kafin ƙarshen Yuni.