Ya rantse ya bari, kwana huɗu ya koma

Yau za mu taɓo maganar da ba a yi a kan tabarmar taro, sai a raɗa bayan an kulle akwati: mai gida ko ɗa da giya ta kama. Hukuncinta a addini dukanmu mun sani, shi ma mashayin ya sani. Abin da ke cin ranmu shi ne, mutum ya yi kuka, ya rantse ya bari, kwana huɗu ya koma. Mi ke jan shi?

Wani ɓangare na amsar yana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari, serotonin, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Yana da hannu cikin barci, da son abinci, da kwanciyar rai, da iya danne zuciya in ta taso. In mutum ya sha giya, sinadarin yakan ƙaru na ɗan lokaci, ya ji damuwa ta sauka. In an daɗe ana sha, tsarin ya rikice. Giya na sakin shi sai ƙunci, barci ya ƙi, fushi kusa. Sai ya koma ga kwalba neman sauƙin ciwon da kwalbar ta jawo. Mu da muka san mai cin bashi don ta biya bashi, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kuma mashaya ba iri ɗaya ba ne. A 1987 wani likita ɗan Amurka, Robert Cloninger, ya kasa su gida biyu, bayan binciken da aka yi a Suwidin kan yaran da suka tashi a hannun masu riƙo. Akwai wanda ke farawa bayan ya manyanta, yawanci damuwa ce ke tura shi. Akwai kuma wanda ke farawa tun bai kai shekara 25 ba, galibi namiji, mai saurin hannu da rigima, kuma sau da yawa ubansa ma haka yake. Wannan na biyun aka fi dangantawa da raunin aikin serotonin. A Finlan an auna ruwan cikin ƙashin baya na mashayan da suka yi ta'asa cikin fushi ba da shiri ba, aka tarar alamar sinadarin ta yi ƙasa.

Wanda ya fi taɓa mu a matsayin uwaye shi ne na birai. A Amurka an raba jariran birai da uwayensu, suka tashi cikin tsaransu kawai. Da suka girma alamar serotonin ɗinsu ta yi ƙasa, kuma da aka aje musu giya sun fi waɗanda suka tashi jikin uwa sha. Biri ba mutum ba ne, mun yarda. Amma ya nuna ba gado kaɗai ke aiki ba, yadda ƙuruciya ta kasance ma tana barin sawu. Ɗan mashayi ba dole ya zama mashayi ba. Kada mu riƙa jifar yaro da "halin ubanka".

To, kada wata ta ji wannan ta nufi mai tallar magani a kasuwa. Serotonin ɗaya ne cikin sinadarai da yawa da giya ke taɓawa, kuma magungunan da ke gyara aikinsa an yi su ne don ciwon damuwa, ba su raba kowa da giya. Likita ne ke sanin wanda za su amfana. Tramol kuwa, da samarinmu ke haɗiya, shi ma yana taɓa serotonin. Yana iya kawo farfaɗiya, in ya haɗu da giya yana iya tsaida numfashi.

Nan ne muke so ku buɗe kunne sosai. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke lokaci guda, jiki na iya ɗaukar rawa, gumi ya karyo, cikin kwana biyu zuwa uku ya fara gane-gane ko ya faɗi yana shure-shure. Da yawa sai mu ce iska ce, a tafi neman turare. Rashin giyar ne a jiki, kuma yana kisa. Asibiti za a kai shi a ranar, a faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha, ko da kunya.

Cewa cuta ce ba ta halatta duka ba, ba ta kuma ba shi ikon kuɗin zubinki. Wadda ake bugu ta kai maganar ga magabata, kada ta jira ya warke. Kuɗin sana'arki kuma su kwana a akwatin ƙungiya, ba ƙarƙashin matashi ba. In ya yarda zai je asibiti, ki nemi wani babba da yake jin nauyi ya raka shi, a yi maganar da safe tun bai sha ba.