Wankan Jariri: Ba Tsadar Kaya Ke Raya Ɗa Ba

Maigida, da kai nake. Ke ma uwargida, matso kusa ki ji.

In an yi haihuwa a Kusfa, ko a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Zariya, kafin ranar suna sai ka ga ɗakin maijego ya cika da kayan barka: sabulu iri iri, da hoda, da turare, da man shafawa mai ƙamshi. Madalla da zumunci. Amma a ganina da yawa cikin kayan nan bai kamata su taɓa jikin jariri ba. Waɗansu ma cuta ce aka naɗe cikin takarda mai kyau. Abin da jariri ke bukata domin wanka abu huɗu ne kurum: daro nasa na kansa, da ruwa mai tsabta, da sabulu marar ƙamshi, da ƙyalle mai laushi.

Ga dalili. Fatar jariri ba ta kai taka kauri ba. Abin da aka shafa mata yana saurin ratsawa ya shiga jiki, sanyi kuma yana saurin kama shi.

Daro

Ko na roba ne, ko na ƙarfe, ko babbar ƙwarya, duk ɗaya ne. Ba sai ka ci bashi ka sayo baho na kanti ba. Sharaɗi uku ne. Ya zama mai faɗi marar zurfi, wanda ke zama daram a ƙasa. Ya zama ba shi da tsatsa ko tsagewa, gama nan dauɗa ke ɓuya, nan kuma yake yankar fata. Sa'an nan ya zama na jariri shi kaɗai, ba a wanki a ciki, ba a ba akuya ruwa a ciki. In an gama, a wanke shi, a kife a rana. In na ƙarfe ne, a taɓa gefensa tukuna, don ƙarfe yana riƙe zafi.

Ruwa

Ruwan wankan jego na uwa ne, ba na ɗa ba. A fara zuba na sanyi, sa'an nan a sirka da na zafi, a motsa. Ki tsoma gwiwar hannunki, ba tafin hannu ba, gama tafin mai aikin murhu ya saba da wuta. Abin da ake so ɗumi ne daidai da na jikin mutum, watau awo 37 a ma'aunin zafi. Zurfinsa kada ya wuce tsawon ɗan yatsa. Ruwan da bai fi inci 2 ba ya isa ya halaka jariri, ba kuwa za a ji kukansa ba. Saboda haka ko sallama aka yi, ko tuwo ke ƙonewa, ki ɗauke shi ki tafi da shi. Kada ki bar wa yayarsa ƙarama tsaronsa. Da hunturu a yi wankan cikin ɗaki, bayan rana ta ɗaga, a yi maza a goge shi a rufe.

Sabulu da mai

Sabulun wanki na tufafi ne. Sabulun salo kuwa da toka ake yinsa, yana da kaifi, yakan busar da fatar jariri. Sabulun da ake cewa yana sa fari guba ne gare shi, don waɗansu da sinadarin makuri a ciki, wanda ke lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa. Maigida, in ka je kasuwa nemi sabulun jarirai marar ƙamshi, ka duba lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don lura da abinci da magunguna da kayan shafa. Ɗan kaɗan ya isa, ba kuwa kowane wanka ba. A ajiye soso mai kaushi. In fata ta bushe, man kaɗanya mai tsabta ko farin basilin ya wadatar.

Abubuwan da za a nisanta

Hoda tana tashi, jariri ya shaƙa, ta dame huhunsa. Kafur da ake sa wa cikin akwatin tufafi, da man zafi, da hoda mai sanyaya jiki, suna iya fasa jinin waɗansu jarirai, su jawo shawara mai tsanani wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a gane wanda abin zai kama da ido, don haka a nisantar da su daga kowane jariri. Kwalli kuma sau da yawa da dalma a cikinsa. Ka tuna gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Abin da ya yi wannan ɓarna, ina amfanin sa shi a idon ɗanka?

Wankan fari da cibiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan fari sai bayan awa 24 da haihuwa, in ya faskara to aƙalla awa 6. A goge jariri, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, a rufe su tare. Farin maiƙon nan da yake zuwa da shi ba ƙazanta ba ne, kariya ce, kada a dirje shi. Kafin cibiya ta faɗi, goge jiki da jiƙaƙƙen ƙyalle ya fi tsomawa. Kada a gasa ta da tsumma, kada a sa toka ko man goge baki. Ta nan ƙwayar cutar sandarewar jiki ke shiga. A sa maganin kulohezidin da malaman asibiti ke bayarwa, a cibiya kaɗai. Kada ya kusanci ido, yana makantarwa.

Na san Iya za ta ce, haka aka yi mana, ga mu mun rayu. Gaskiya ne, Iya, Allah ya ƙara lafiya, kuma babu mai raina hannunki, ke kika san riƙon jariri. Amma ki lissafa goyon da aka binne a zamaninku. Su ba su nan balle su ba da shaida. Tun ran gini tun ran zane.

In ka ga idon jariri ya yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana wari, ko ya ƙi nono, ko jiki ya yi zafi ko sanyi ƙalau, kada a kwana. A kai shi asibitin da ya fi kusa, ko na Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. Kuɗin da ka tsimar daga hoda da turare, ajiye shi domin irin wannan rana, sauran ka saya wa maijego abinci.

Allah ya raya mana, amin.