An Cire Marin Ƙafa, Saura Na Zuci



A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Har gobe kuma ana karɓo mana 'ya'ya da mazaje daga hannun masu garkuwa, bayan sun sha duka da yunwa. Ranar dawowa a yi guɗa, a yi sadaka, sai a ce, "Ya wuce, a manta."

Ina ma da sauƙi haka. Sai ki ga yaro yana firgita cikin barci, ƙarar babur ta sa shi makyarkyata, ba ya son a rufe masa ƙofa, abu kaɗan ya harzuƙa. Idan hakan ya haura wata guda, likitoci na ɗaukarsa ciwo ne mai buƙatar magani. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. Ƙwaƙwalwa ce ba ta yarda haɗarin ya wuce ba.

Babban maganinsa zama ne da ƙwararre. Akwai hanyar da masana a Jami'ar Konstanz ta Jamus suka tsara, aka gwada ta kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda. Akan shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a gurbin kowane farin ciki, dutse a gurbin kowace azaba. Zama bayan zama yana warware labarin daki-daki, har zuciya ta gane cewa abin jiya ne, ba yau ba.

Ke kuma naki aikin: kada ki sa shi maimaita labarin ga duk ɗan jaje, kada kuma ki katse shi in ya fara da kansa. Ki sa ido kan ƙwaya, don wasu ita suke sha su samu barci. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kware da Maiduguri. In ya ambaci kashe kansa, a ranar za a kai shi, ba a jira gobe.

A yi addu'a, a kuma nemi magani. Allah Ya ba su lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.